Masu Kiwon Fumfuna

A shekarar 1444 an zubar da jini a birnin Kiyoto na ƙasar Japan a kan fumfuna. Wata ƙungiyar masu sana'a da ke ƙarƙashin inuwar wurin bauta na Kitano ta daɗe tana riƙe da izinin hukuma cewa ita kaɗai za ta riƙa tsirar da fumfuna a kan hatsi tana sayar wa mutanen birni. Da hukuma ta janye izinin, 'yan ƙungiyar suka shige wurin bautar suka ƙi fita, aka turo musu dakaru, wuta ta tashi ta cinye gine-gine. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da suke karewa shi ne koji, wato turararren hatsi da wata fumfuna ta musamman ta lulluɓe. Da shi Japanawa ke yin miso, ƙullin waken suya mai gishiri da suke miya da shi, da shoyu, baƙin ruwan ɗanɗano da ba a raba teburinsu da shi, da kuma giyarsu ta shinkafa.

Mu a nan, in uwargida ta buɗe kwano ta ga fumfuna ta hau tuwo, zubarwa take yi, kuma daidai ta yi. Amma fumfuna dangi ne masu yawan gaske. Akwai mai kisa, akwai mai ɓarna kawai, akwai kuma ƙalilan da ɗan Adam ya horar suka zama na gida. Wadda Japanawa suka horar, masana na kiranta Aspergillus oryzae. Kiwonta sana'a ce mai zaman kanta, kuma daga cikin wannan sana'a aka gano cewa dusa da ɓawo da totuwa, abubuwan da ke saura bayan an sussuka an surfa an niƙa, za su iya zama gonar da ake girbe sinadarai masu tsada a cikinta.

Fumfuna ba ta da baki, ba ta da hanji. Jikinta zare ne siriri ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru dubu bisa dubu sun yi gashi-gashi a kan abu. Tunda ba ta iya haɗiya, sai ta narkar da abincinta tun yana waje. Daga bakin kowane zare tana tsatso wasu sinadarai da ake kira inzayim, su ratsa abin da ta hau, su farfasa shi har ya zama abin da za ta iya tsotsa. Kowane inzayim da aikinsa, ba ya shiga na wani. Amiles yana yanyanka sitaci ya zama sukari. Furotes yana warware furotin, kuma daga nan ɗanɗanon nan mai kama harshe yake fitowa. Selules yana cin selulos, abin da ya ba kara da ciyawa da auduga ƙarfinsu. Fektines yana narkar da danƙon da ya haɗe naman 'ya'yan itace. Inzayim kuma ba ya ƙarewa a cikin aikinsa. Ya gama da wannan ya koma kan na gaba, shi ya sa kaɗan ke isar abu mai yawa.

Duk macen da ta iya kunun zaƙi ta san wannan aiki ko da ba ta taɓa jin sunansa ba. Ta dama ƙullu da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bari ya ɗan sha iska, sannan ta zuba markaɗaɗɗen ɗanyen dankali ko tsiron shinkafa. Kafin gari ya waye kunun ya tsinke, ya yi zaƙi ba tare da an sa masa sukari ba. Amiles ne ya kwana yana aiki. In ta yi gaggawa ta zuba kunu na tafarfasa, ta kashe shi, kunu ya tashi salam.

Abin da mai koji ke nema ke nan. Ba jikin fumfunar ne ya dame shi ba, abin da take zubarwa a cikin hatsin yake so. Matsalar ita ce fumfuna ba ta yin wahalar banza. In ta tarar da sukari a shirye, sai ta rufe yawancin hanyoyin ƙera inzayim ta zauna ta sha abinta. Sai an ba ta abinci mai tauri take fito da makamanta, kuma makamin da za ta zaro ya danganta da abin da aka ajiye mata. Gwanintar duka a nan take: a wahalar da ita daidai gwargwado, kada ta ji daɗi ta yi lalaci, kada kuma ta galabaita ta mutu.

Inda aka fi tsananta ƙa'idar aikin hannu shi ne gidajen giyar shinkafa, ko da yake masu miso ma tafarkin ɗaya suke bi. Mu ba abin shan ne gabanmu ba, hannun da ke aikin muke kallo. Ana farawa da wanke shinkafa da jiƙa ta, kuma jiƙon ma ba da ka ake yin sa ba. In shinkafar ta sha surfe sosai, da agogo a hannu ake tsayawa, a tsame ta a kan daƙiƙa, a ɗora a sikeli a ga yawan ruwan da ta sha. Sannan a turara ta a babban madambaci wajen awa guda. Ba a tafasa ta, domin so ake kowace ƙwaya ta fito a warware, bayanta da ɗan tauri ba danƙo, cikinta kuwa ya nuna lugub. Babban gwanin gida, wanda suke kira toji, yakan ɗebi loma guda tana tururi, ya murza ta da gindin tafin hannu har ta zama curi, ya ja ta ya ga yadda take miƙewa, ya ɗaga ta ya duba a haske. Daga wannan murzawa yake sanin yadda zai tafiyar da kwana biyu masu zuwa.

Ɗakin koji ɗaki ne mai kaurin bango da ƙaramar ƙofa, an lulluɓe cikinsa da katako mai shan danshi, ba taga sai 'yan kafofi a rufi da ake buɗewa a rufe don sarrafa iska. A waje hunturu ne, wani lokaci har da ƙanƙara, a ciki kuwa zafi ya kai digiri 30, ma'aikata na ta zufa. In shinkafa ta huce zuwa digiri 30 da 'yan kai, sai a shimfiɗa ta a kan babban tebur mai ƙyalle. Toji ya ɗauko gwangwani mai bakin rariya, ya ɗaga shi sama yana kaɗawa a hankali yana zagaya teburin, wata ƙura kore-kore tana sauka. Wannan ƙura ita ce irin fumfunar, kuma cikin tafin hannu ya ishi babban buhun shinkafa. In ya gama, kowa ya tsaya cik, ba motsi, har ƙurar ta gama kwanciya, don kada iskar wucewar mutum ta kwashe ta gefe guda. Daga nan a cuɗa shinkafar da hannu, a tara ta tsibi, a naɗe da mayafai.

Rabin yini na farko ba abin da ido zai gani. Bayan awa 10 zuwa 12 a kwance tsibin, a marmashe duk inda ya dunƙule, a sake naɗewa. Sai an kwana an wuni, wajen awa 24, sannan fararen ɗigo-ɗigo suke bayyana a jikin ƙwayoyin, kuma a nan aikin yake juyewa. Da farko tattalin ɗumi ake yi kada ya gudu. Yanzu kuwa fumfunar ta kankama, tana numfashi, tana fitar da zafi daga jikinta, in aka ƙyale ta sai ta dafa kanta. Sai a rarraba shinkafar cikin ƙananan farantan katako, kowanne wajen kilo ɗaya da rabi, a jera su bisa juna. Zafin na sama dabam, na ƙasa dabam, na tsakiya ya fi na gefe, don haka bayan 'yan awanni sai a sauya jerin, kowane faranti ya ɗanɗana kowane wuri. Dare da rana haka ake yi. Mai wannan aiki ba ya barci sai gyangyaɗi.

Sau biyu ake sa hannu a motsa kowane faranti. A na farko a ɗan baza shi. A na biyu, sa'ad da zafi ya doshi digiri 38 ko 39, a ƙara baza shi, a ja masa kunyoyi da yatsu don ruwa ya sami hanyar fita. Da gangan ake wannan busarwa, kuma a ganina a nan fasahar ta kai maƙura. Muddin bayan ƙwaya na da danshi, fumfuna za ta yi ta yaɗo a waje, ta yi fari fat mai kyan gani, cikin kuwa ba ta taɓa shi ba. Da zarar bayan ya bushe, dole ta nutsa da zarenta cikin ƙwayar tana bin ruwa, kuma a wannan haƙa da take yi ne take zubar da inzayim mai yawa. Gwani yakan ɗauki ƙwaya ɗaya ya raba ta biyu da farce ya duba zurfin da farin ya shiga. Baƙo zai yaba farantin da ya fi fari. Toji sai ya ga ciki yake yanke hukunci.

Zafi kuma shi ne linzami. Tsakanin digiri 30 da 35 fumfunar ta fi ba da furotes; in aka bar ta ta haura zuwa 40 ko 42, sai amiles ya rinjaya. Saboda haka mai neman zaƙi yakan hanzarta ƙetare matakin farko ya tsayar da ita a sama. Mai shoyu kuwa, da yake ɗanɗanon furotin yake nema daga waken suya da gasasshiyar alkama, sai ya yi ta danne zafin kada ya hau. In ya zarce 45, aiki ya fara lalacewa ga kowa. A wajen awa 48 ake fitar da koji zuwa wuri mai sanyi da iska, kuma hanci da baki ne ke faɗin lokaci: ƙamshin gasasshen ɗan itace ya cika ɗaki, ƙwaya in an tauna ta yi zaƙi. In aka ƙara jinkiri, fumfunar ta koma yin iri, farin ya juye ruwan ɗorawa zuwa kore, ɗaci ya shiga.

Daga baya masana kimiyya suka zo suka tarar da dalilin abin da hannu ya riga ya sani. A shekarun 1990 masu bincike a Japan suka gano wani inzayim mai ƙarasa mayar da sitaci gulukos, wanda wannan fumfuna ke fitarwa da yawa in tana kan hatsi, amma in aka tsoma ta a tankin ruwa, ko abinci ya wadata, da ƙyar take ɗigo da shi. Da aka bi diddigi, sai ga shi abin da ke tayar da ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera shi shi ne ƙarancin ruwa, da zafi mai ɗan yawa, da tsayayyen abu da zaren zai yi fama da shi kafin ya ratsa. Abin da toji ke shiryawa ke nan da farantansa da kunyoyinsa. A 2005 aka kammala karanta ƙwayoyin gadon fumfunar baki ɗaya, a 2006 ƙungiyar masana harkar tsimi ta Japan ta ayyana ta a matsayin fumfunar ƙasa, a Disamban 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa gwanintar masu giyar shinkafa ta aiki da koji cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Akwai wasu gwanayen a bayan waɗannan da ba a cika jin labarinsu ba, su ne masu yin irin. Gidaje ƙalilan ne suka rage a wannan sana'a, wasunsu sun gaji abin kaka da kakanni, kuma daga hannunsu kusan duk ƙasar ke sayen iri. Tun kafin kowa ya san akwai halittun da ido ba ya gani, kakanninsu sun gano cewa in aka cakuɗa tokar itace da turararriyar shinkafa kafin a bar fumfuna ta yi iri, abin da zai fito yakan zama mai tsabta, kuma ya daɗe a ajiye. Yawancin ƙwayoyin da ke gasa da ita ba sa jure kaifin toka, ita kuwa tana jurewa, har ma tana samun fotash da fosfet a ciki. Da toka kawai suka yi tacewar da yau sai a ɗakin bincike ake yin ta.

Sai an san 'yar'uwarta za a gane girman wannan tacewa. Aspergillus flavus ta yi kama da oryzae har a ƙarƙashin madubin bincike da wuya a bambance su, amma ita ce ke yin dafin aflatoksin mai lalata hanta. An gano shi bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sanadin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, a 2004 kuma ya kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Ita ce ke hawa gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba a rumbunanmu. Masana da dama na ganin oryzae ba kowa ba ce illa flavus ɗin da aka horar: ƙarni bayan ƙarni ana zaɓen wadda ta fi kyau ana ajiye irinta, har ta bar yin dafi ta ƙaru da ƙarfin narkar da sitaci.

Babbar abokiyar gabar ɗakin koji kuwa mun san ta sarai. Bacillus subtilis, ƙwayar da ke mayar da kalwa daddawa, ita ce Japanawa ke yin wani abincin waken suya mai yauƙi da ita, wanda suke kira natto. Tana son ɗumin da fumfuna ke so, ta fi ta saurin yaɗuwa, zafi ba ya kashe irinta da sauƙi, in ta shiga faranti sai koji ya yi santsi ya lalace. Shi ya sa ma'aikatan ke ƙaurace wa cin natto har kakar aiki ta wuce. Da mai daddawa za ta kai musu ziyara, a bakin ƙofa za a tsayar da ita, cikin girmamawa.

Mutumin da ya ɗauko wannan sana'a daga kan shinkafa ya ɗora ta a kan dusa shi ne Jokichi Takamine. An haife shi a 1854 a garin Takaoka, mahaifinsa likita, mahaifiyarsa kuwa daga gidan masu giyar shinkafa ta fito. Ya yi karatun kimiyyar sinadarai a Tokiyo da Gilasgo, ya auri Ba'amurkiya, a 1890 ya koma Amurka da zama. A can da tsiron sha'ir masana'antu ke mayar da sitacin masara sukari, kuma tsiro yana cin hatsi mai tsada da kwanaki masu yawa. Takamine ya ce yana da abin da ya fi shi sauri da araha. Injinan niƙan alkama kuwa na tara dusa tuli, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da aka niƙa ba ya zama fulawa. Ya gwada, dusa ta karɓi fumfunar hannu bibbiyu. Dalili a fili yake ga wanda ya san ɗakin koji. Dusa sakwa-sakwa take, iska na ratsa ta, tana riƙe danshi ba tare da ta caɓe ba, tana da ragowar sitaci da furotin da ma'adinai, sukarinta na shirye kuwa kaɗan ne. Abinci ne da zai riƙe fumfuna, amma sai ta yi aiki kafin ta ci.

Yunƙurinsa na farko a garin Peoria na jihar Illinois, tare da wani babban kamfanin barasa, bai yi albarka ba. Masu sana'ar tsiro ba su yi maraba da shi ba, gobara ta cinye wurin aikinsa, ciwon hanta ya kwantar da shi. Amma ya riga ya gano abin da ya fi wannan daraja. In aka jiƙa dusar da fumfuna ta mamaye a ruwa, inzayim ɗin sai su fito cikin ruwan. A tace, a zuba sifirit mai ƙarfi, su kwanta a ƙasa, a busar su zama gari. An raba aikin fumfuna da jikinta ke nan, an zuba shi a kwalba. A 1894 ya sami takardar mallakar wannan fasaha, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko a Amurka a kan inzayim na ƙananan halittu. Kamfanin Parke-Davis ya riƙa sayar da garin da sunan Taka-Diastase a matsayin maganin rashin narkewar abinci, ya yi kasuwa har a Japan ɗin kanta. Takamine ya ƙara suna daga baya da tace sinadarin adirenalin, ya rasu a 1922.

Ashe garin Taka-Diastase ɗin nan na ɗauke da kaya fiye da yadda shi ma ya sani. A 1957 masana a Japan suka zaƙulo daga cikinsa wani inzayim mai yanka zaren RNA a gaɓa ɗaya tak da ya sani. Yana cikin kayan aikin da Robert Holley ya karanta jerin wani RNA gaba ɗaya da su a 1965, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1968.

Daga nan aka shiga haɗa kowace shara da fumfunar da ta dace da ita. Ɓawon lemo, a ba Aspergillus niger ta ba da fektines, wanda masu matse 'ya'yan itace ke sawa don ruwan ya ƙaru ya kuma washe. Totuwar masara da dusa suna jawo zailanes, wanda masu burodi da masu abincin kaji ke saye. Kara da ciyawar shinkafa kuwa sai Trichoderma reesei, wadda aka tsinto lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a tsibiran Solomon tana cinye tantunan auduga na sojojin Amurka. Elwyn Reese da Mary Mandels suka shafe shekaru suna nazarinta, kuma jikokinta na cikin masu ba da selules ɗin da ake koɗar da wandon jins da shi yau.

Mutanen Jaba ta Yamma a Indunusiya ba su jira masana ba. Sun daɗe suna ɗaukar dusar awara su turara ta, su danne ta a farantan gora, su barbaɗa mata iri, cikin kwana biyu wata fumfuna mai launin lemo da ake kira Neurospora ta ɗinke ta ta zama curi guda da ake yankawa a soya. Suna kiran abincin oncom, akwai kuma baƙinsa da ake yi da tunkuzar gyaɗa. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa wannan fumfuna na narkar da selulos da fektin ɗin da cikin mutum ba ya iya narkarwa. Amma a tsibirin Jaba ɗin ne kuma irin wannan abinci da ake yi da tunkuzar kwakwa ya sha kashe mutane in wata muguwar ƙwaya ta riga fumfunar kamawa, har hukuma ta hana yin sa a 1988.

Abin da ya hana wannan hanya mamaye masana'antu shi ne zafin nan dai. Dusa ba ta watsa zafi. In kaurin shimfiɗa ya wuce 'yan yatsu, tsakiya ta ƙone gefe na sanyi. Shi ya sa yawancin manyan kamfanoni suka koma tankunan ruwa da inji ke juyawa. Amma hanyar faranti ba ta mutu ba. Masana'antun shoyu na da manyan ɗakuna masu faifan ƙarfe mai huji-huji da ake hura iska ta ƙarƙashinsa. A Indiya kuma kamfanin Biocon, wanda Kiran Mazumdar-Shaw ta kafa a Bangalore a 1978, ya ɗauko fasahar koji ya gina kasuwar inzayim da ita, kafin ya sayar da sashen ga kamfanin Novozymes na Denmak a 2007.

Misalin Indiya ne ya fi tsaya mini a rai, domin kayan aikin duk muna da su. Gaskiya dusa a wurinmu ba shara ba ce, masu kiwo na rububinta da kuɗinsu, kuma duk mai lissafi sai ya sa farashinta. Ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan Kano da Kebbi kuwa ba abinci mai kyau ba ne ko ga fumfuna, amfaninsa a gauraya shi da wani abu ya buɗe wa iska hanya. Amma ga dusar awara, ga ɓawon rogo, ga totuwa, ga karan da ake banka wa wuta bayan girbi, alhali masu gidajen kaji na sayen inzayim da aka shigo da shi daga waje. Ɗaliban jami'o'inmu sun sha gwada Aspergillus niger a kan irin waɗannan abubuwa su rubuta kundi, kuma sakamakon yakan nuna abin mai yiwuwa ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannu, mutanen da za su maimaita aikin sau ɗari kaya ya fito iri ɗaya, da kuma gidan da za a amince masa ya riƙa ba da tsabtataccen iri. Na biyun ma akwai alamar za mu iya. Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, wanda manoman gyaɗa da masara ke watsa kilo 10 a hekta, ba komai ba ne illa ƙwayar dawa da aka kashe tsironta aka shafe ta da irin flavus marar dafi da aka zaɓo daga ƙasar nan, don ya riga mai dafin kama gona.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya jiƙa dusa ya ajiye a lungu yana jiran abin da zai tsiro. Abin da iska za ta kawo ba a san ko wace ce ba, kuma tafasa ba ta kashe aflatoksin. Mai sha'awar wannan sana'a ya fara da zuwa sashen nazarin ƙananan halittu na jami'a mafi kusa da shi ya nemi iri mai asali, ya sayi ma'aunin zafi, ya ƙware a kan faranti ɗaya kafin ya yi maganar buhu.